Me ya sa shirin da muke yi da kaka ba ya kai mu damana?

Baban Tagwaye, Tawa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana cina, ina roƙon manya da masu karatu su duba mini ita. Bara na ɗaure dami 74 na hatsi, ban da wake. Ranar da muka gama zubawa a rumbu na yi wa kaina alkawari ba zan auni ko tiya ɗaya a kasuwa ba har sabo ya fito. Wallahi ruwan farko bai sauka ba sai ga ni tsaye gaban mai awo ranar Lahadi, ina sayen hatsi da kuɗin da ya kusa ninka wanda na sayar da nawa.

Ba sata aka yi mini ba, ba gobara ba. Kayan lakkwal na yara, sannan auren ƙanwata, sannan tsohuwa ta kwanta sati biyu a likita, sannan babur ya tsaya. Kowanne na ɗebi dami biyu, dami huɗu, wani ma fiye da haka. Abin da ya fi damuna shi ne, in na kwanta da dare don in tsara shekara, nakan fara lafiya lau: in na sayar da wake na biya bashi, sai in yi kaza, in kuma ruwa ya yi jinkiri sai kaza. Ina zuwa mataki na uku sai kai ya ɗau zafi, na farkon ma ya ɓace mini. Sai in ce Allah ya kai mu, in juya. Shin sakaci ne nawa, ko haka kowa yake?

Mai Albasa, Galmi:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kanka lafiyarsa lau, aljihu ne ba lafiya. Duk wanda ke noman albasa a nan ya san lokacin cira, wajen Maris da Afrilu, buhu ba ya da daraja, ya kuma san in ka iya jibge ta a rudu wata biyar ko shida kuɗinta zai tashi sosai. Wa bai san wannan ba? Amma mai man inji yana ƙofar gida, wanda ya ba ka taki bashi yana ƙofar gida, ƴan ƙwadago suna jira. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ka ba ni jikka 500 ranar cira ka ga ko ban iya shiri ba.

Ɗaliba, Jami'ar Abdou Moumouni, Yamai:
Ina wuni Baba. Abin da ka bayyana, na kai ya ɗau zafi a mataki na uku, ba naka ba ne kai kaɗai, kuma an daɗe ana nazarinsa. A 1956 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, George Miller, ya rubuta cewa abin da mutum ke iya riƙewa a ka lokaci guda bai wuce guda 7 ba, a ƙara biyu ko a rage biyu. A 2001 Nelson Cowan ya sake duba hujjojin ya ce gaskiyar ta fi kusa da 4. Ba ana maganar abin da ka haddace ba ne, wannan rumbu ne babba. Ana maganar ɗan faifan da kake tankaɗe a kai yanzu-yanzu.

To ka dubi abin da kake ɗora wa faifan. A ce kowace matsala tana da hanya 6 da za ka iya bi. Mataki ɗaya hanya 6 ke nan. Mataki biyu 36. Mataki uku 216. In ka kai mataki shida, hanyoyi 46,656. Ba mahaluƙin da zai bi su duka yana kwance a tabarma. Shi ya sa Herbert Simon, wanda ya samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 1978, ya ce mutane ba sa neman hanyar da ta fi kowace kyau, suna neman wadda ta isa, da sun same ta sai su tsaya. Kuma bai kira wannan aibi ba. Ya ce haka hankali mai iyaka ya kamata ya yi aiki.

Tsoho Mai Dara, Wadata:
Ɗiyata, kin faɗi abin da muke gani kullum a gindin bedi. Shekara arba'in ina dara. Rami 30 ne, kowa da ƴaƴa 12, amma in yaro sabon shiga ya zauna sai ka ga idonsa na yawo ko'ina, yana son ya lissafa komai, gumi na zuba. Ni ba na duban rami talatin. Ina ganin siffa: nan doki na shirin tsayuwa, can an bar ƙofa. Wuri biyu ko uku nake tunani a kai, sauran ido ya riga ya watsar da su.

Noma ma haka iyayenmu suka yi. Mahaifina bai taɓa zama yana lissafin wata goma sha biyu ba. Doka uku gare shi. Iri ba a taɓa shi ko ana mutuwa. Rumbun tsakiya ba a buɗe shi sai an yi shuka. Zakka a gona ake fitar da ita kafin dami ya shigo gida. Shi ke nan shirinsa na shekara.

Ɗaliba:
Kaka, abin da ka faɗa shi ne daidai abin da aka gano a wasan dara na Turawa. Wani ɗan ƙasar Holan, Adriaan de Groot, ya sa gwanaye da matsakaita su riƙa faɗin tunaninsu a fili suna zaɓar motsin da za su yi, ya buga sakamakon a 1946. Gwanayen ba su fi sauran zurfafa lissafi da wani abin kirki ba, sai dai tun kallon farko hankalinsu kan sauka a kan motsin da ya dace. A 1973 Chase da Simon suka nuna gwani na tuna allo ne dunƙule-dunƙule, in kuwa aka watsa ƴaƴan barkatai, ba yadda wasa ke kawo su ba, fifikonsa kusan duk sai ya zube. Kwamfutar Deep Blue da ta doke zakaran duniya Kasparov a 1997 tana duba matsayi wajen miliyan 200 a daƙiƙa guda. Mu ba mu da wannan, siffa da doka muke da su.

Mai Albasa:
Ni dai ban yarda a mayar da talaucinmu matsalar ƙwaƙwalwa ba. Haka masu projé ke zuwa da farar mota su tara mu a rana suna koya mana tattali, kamar wanda ya raini yara tara da gona ɗaya bai san tattali ba. In kin ce kanmu ƙarami ne, gobe wani zai ce shi ya sa muke talakawa.

Ɗaliba:
Yaya, ka yi haƙuri in maganata ta zo maka haka, ba nufina ke nan ba. Faifan nan ƙarami ne ga minista, ƙarami ne ga manomi. Bambancin shi ne abin da ya riga ya cika shi.

A 2013 mujallar Science ta buga wani bincike na Mani, Mullainathan, Shafir da Zhao. Sun je jihar Tamil Nadu a Indiya, suka gwada manoman rake 464 sau biyu: kafin a biya su kuɗin rake, lokacin da suke cikin bashi da jingina, da kuma bayan an biya su. Mutum guda ne, kai guda ne, amma bayan kuɗi sun shigo ya fi iya warware tambayoyin gwajin. A Amurka kuma suka tare mutane a wata kasuwa a New Jersey suka ce su yi tunanin motarsu ta lalace. Da aka ce gyaran dala 150 ne, mai hali da marar hali suka yi daidai a gwajin. Da aka ce dala 1,500 ne, marasa hali suka yi ƙasa. Tunanin inda za a samo kuɗin shi ya cinye wurin.

Don amana kuma in ƙara: wani binciken da aka buga a 2016 ya gwada masu ƙaramin ƙarfi a Amurka kafin ranar albashi da bayanta, bai ga wannan bambancin ba. Masana na ja-in-ja a kan girman abin har yanzu. Amma ko a binciken farko, ba a ce ƙaramin kai ke kawo talauci ba. Cewa aka yi rashi ke cin kai. Ai maganarka ce ta ruwan ciki.

Baban Tagwaye:
Wannan ta taɓa ni. Satin da tsohuwa ke kwance, na je sayen magani na baro canjina da takardar duka a kan tebur, sai da yaron shagon ya biyo ni. Ni da nake riƙe lissafin mutum goma a ka. A satin nan ne kuma na sayar da dami 12 lokaci guda ba tare da na tambayi farashi a wuri na biyu ba.

Malamin Zaure, Ƙonni:
Allah ya ƙara wa tsohuwa lafiya. Ina son in gyara abu guda, don Baban Tagwaye ya ce yakan ce Allah ya kai mu ya juya. Faɗin haka alheri ne, amma kada ya zama wurin ɓuya. Wani ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya yi tawakkali, aka ce masa ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Tirmizi ya ruwaito.

Ku duba kuma Suratu Yusuf, aya ta 47. Shirin shekara goma sha huɗu ne na ƙasa guda, amma umarnin gajere ne: abin da kuka girbe ku bar shi a zangarniyarsa, sai kaɗan da za ku ci. Na daɗe ina tunanin wannan. Hatsin da ke zangarniya ya fi jure ajiya, wannan kowa ya sani. Amma kuma sai an hau rumbu, an sauke, an sussuka, an sheƙe kafin ya zama abin kaiwa kasuwa, kuma duk gida sai an ji. Wanda ya sussuke duka ya zuba a buhu ya jingine a ɗaka, ya sauƙaƙa wa kansa sayarwa ranar da ransa ke ɓace.

Inna Mai Asusu, Kaita:
Malam ya gama magana, amma bari mace ta sa baki. Ku maza kuna kwanciya ku kaɗai kuna lissafi cikin duhu, matar da ke auna tsaba kullum tana gefe ba a tambaye ta ba. Baban Tagwaye, tsakaninka da Allah, uwar tagwaye ta san dami nawa ne a rumbu? Ita ce ta san tiya nawa gidan ke ci a sati, ba kai ba.

Mu tun da aka kawo tsarin Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a Maraɗi a 1991, ba mu ƙara dogara da ƙarfin zuciya ba. Ƙungiyarmu mace 28. Kowane sati kowa ta zuba abin da aka yanka, akwati na da kwaɗo uku, makullan na hannun mata uku. Ko ni shugaba ban isa in buɗe ni kaɗai ba. Rabon kuma mun sa shi daf da shuka da gangan, don lokacin ne gida ke kuka. Shawarar nan sau ɗaya muka yanke ta, muna ƙoshe, hankalinmu kwance. Ba kowane sati nake sake tambayar kaina in zuba ko kar in zuba ba. Da kullum sai na yi wannan kokawa da kaina, da tuni na faɗi, don ba satin da babu buƙata.

Baban Tagwaye:
Inna, gaskiya ba ta sani ba. Haka muka taso, mace ba ta leƙa rumbun maigida.

Inna Mai Asusu:
Ban ce ta hau rumbu ba, ɗana. Na ce ka faɗa mata adadi. Kai ɗaya ka ɗora wa kayan mutum biyu.

Ɗan Abijan, mutumin Buza:
Ni tawa matsalar daban ce, ban sani ba ko duk ɗaya ne. Da na fito cin rani na ce wa gida wata 8 zan yi in koma da kuɗin ɗaki biyu da kwano. Yanzu shekara ta uku ke nan, gini na nan a linta. Kuma ba wai ban samu ba. Duk lokacin da na yi lissafi, lissafin na fita daidai: kaza a rana, kaza a wata. Sai dai bai taɓa faruwa haka ba ko sau ɗaya.

Mushe, malamin lakkwal ɗin sakandare, Tawa:
Ɗan'uwa na Buza, taka sananniya ce a wurin masana. Kahneman da Tversky suka fara bayyana ta a 1979: mutum in zai kimanta lokaci ko kuɗin aiki, yakan zana hanyar a ransa babu gargada, ya manta da yadda irin aikin ya kasance a baya. A 1994 a Kanada an tambayi ɗalibai kwana nawa zai ɗauke su su gama rubutun kammala karatu. Matsakaicin abin da suka faɗa kwana 34 ne, abin da ya ɗauke su kwana 55 da ɗoriya. Har da aka ce su faɗi adadin in komai ya lalace, fiye da rabinsu sun wuce shi.

Dalilin na komawa ga ƙaramin faifan da ɗalibarmu ta faɗa. Ciwo, rasuwa, kama kaya, rufe iyaka, kowanne shi kaɗai da wuya ka ce zai faru a wata kaza, don haka ba ka sa shi a lissafi. Amma a ce shekara ta wuce ba ko ɗaya daga cikinsu, wannan ne abin mamaki. Maganin da na ga yana aiki shi ne ka daina tambayar kanka yaya zai kasance, ka tambayi mutum biyar ƴan garinku da suka yi ɗaki biyu da kuɗin cin rani, shekara nawa ya ɗauke su. Amsarsu ta fi lissafinka gaskiya.

Baban Tagwaye ma haka. Ka ɗauki kaye ka rubuta shekara uku da suka wuce, dami nawa abin da ba ka zata ba ya ci kowace shekara. Za ka ga adadin bai cika nisa da juna ba, sunan matsalar ne kawai ke sauyawa.

Baban Tagwaye:
Mushe, na gwada yanzu a bayan takardar magani. Bara dami 26, bara waccan wajen 20, wadda ta gabace ta 23. Ikon Allah. Kullum sai in ce bana ce ta zo da tsautsayi.

Akwai kuma abin da ban faɗa ba. Ina da rago biyu da tunkiya. Ko sau ɗaya ban sa su cikin lissafi ba, da tunanin sayar da su ya zo sai in kawar da kai.

Ɗaliba:
Baba, wannan ma an gwada shi. A 2012 Quentin Huys da abokan aikinsa sun sa mutane wani wasa a kwamfuta na bin matakai ana ci ana asara. Suka ga da zarar hanya ta fara da babbar asara, mutane na datse tunani a nan, ba sa leƙa abin da ke bayanta, ko da ribar da ke gaba ta fi asarar. Datse reshe dole ne, tunda ba za a bi duka ba. Illar ita ce zafi ke zaɓar reshen da za a datse, ba lissafi ba. Rago asara ce guda mai ciwo, dami biyu-biyu kuwa ba ya ciwo sai an je ƙarshe.

Tsohon Dillali, kasuwar dabbobi:
A nan zan ja muku birki kaɗan. Kada a sa shi ya sayar da dabba a lokacin da bai dace ba. Wanda ya ga 2005 da 2010 a Adar ya san yadda abin yake: hatsi na hawa, dabba na ramewa, kuɗinta na faɗuwa, har tunkiya ta kasa sayen abin da take saye da kaka. In za a sayar, a sayar tana da ƙiba. Ƴan shekarun nan layya na faɗowa a bakin damana, wannan dama ce ga mai rago, amma tana matsowa baya da kwana 11 kowace shekara, ba za ta dawwama a nan ba. A sa rana tun yanzu, kada a bari sai ranar da likita ya miƙo takarda. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mai Albasa:
Duk na ji. Amma ba wanda ya amsa mini. Mai taki na ƙofar gida ranar cira. Kaye zai biya shi?

Mushe:
Ba zai biya shi ba, kuma gaskiyarka ce. Akwai abin da tsari ke gyarawa, akwai wanda sai kuɗi. Shi ya sa aka kawo warantaji ƙasar nan ta hanyar wani shirin FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tun ƙarshen shekarun 1990: ƙungiyar manoma ta zuba amfaninta a magaza da kaka, a sa kwaɗo biyu, ɗaya na ƙungiya ɗaya na asusun bashi, a ba su rance a kan wani kaso na darajar kayan, in farashi ya tashi su biya su ɗauki kayansu. Yana ba da kuɗin da kake magana, yana kuma yin aikin akwatin Inna. Sai dai da hatsi da wake ya fi tafiya, albasa na ruɓewa tana raguwa a ajiya, masu ba da rance na tsoronta. Kuma shekarar da farashi bai tashi ba, ruwan bashi da kuɗin magaza na kan manomi.

Amma ka ji wannan. A yammacin Kenya, masu bincike Duflo, Kremer da Robinson sun tarar manoma na cewa za su sa takin zamani, lokacin sawa ya zo ba kuɗi. Sai aka je musu daidai bayan girbi aka ce su biya yanzu, a kawo musu har gida kyauta. Masu sa taki suka ƙaru kwatankwacin yadda suka ƙaru da aka karya farashin da rabi daga baya. Ba a ƙara musu ko sisi ba, lokacin yanke shawarar kawai aka matso da shi.

Mai Albasa:
Wanda ya rage da wani abu bayan girbi ke nan. Ni bara da na biya kowa, buhu 9 ya rage mini cikin 60. Amma na yarda da abu ɗaya: taran nan ma a satin na sayar, ba wanda ya matsa mini, gajiya ce kawai da son in huta da tunani. Wannan kam zan duba.

Inna Mai Asusu:
Abu ɗaya kuma kada ku manta, kada garin tsari a rufe wa dangi ƙofa. Ƙanwarka in ta zo ba za ka ce mata kaye ya hana ba, kuma ranar da taka ta same ka su ne asusunka. A ware nasu tun farko, a san na zumunci ne, in ya ƙare ka faɗa da gaskiya ba kunya.

Baban Tagwaye:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Jiya da dare na faɗa wa uwar tagwaye adadin bara. Ta yi shiru, sannan ta ce da ta sani da ba ta yarda an yi fura sau biyu a rana duk watan bikin ba. Ta kuma ce gidanmu na cin dami ɗaya a kwana biyar, ni ina lissafi da sati. In haka ne dami 73 muke ci a shekara, ba 52 ba, tun ranar farko lissafina a karye yake.

Mun tsayar da magana in Allah ya kai mu kaka: iri gefe, rumbun baya a liƙe shi sai an yi shuka, rago ɗaya na ciwo da tsautsayi ne, a sayar da shi da ƙibarsa a ba ta kuɗin ta sa a asusunsu. Waken ne ban san yadda zan yi da shi ba. Mushe, warantajin nan mutum ɗaya na iya shiga, ko sai da ƙungiya?

Mushe:
Sai da ƙungiya mai takarda da magaza mai kyau. Ka je wurin malamin gona na kwamin ɗinku ka tambaya ko akwai wadda ke yi kusa da ku, ka kuma tambayi ruwan bashin nawa ne a wata da kuɗin ajiyar kowane buhu. Ka je tun Satumba, don da an fara zuba kaya wuri ke cika.

Mai Albasa:
In ka je ka tambayar mini ko akwai masu karɓar albasa. Ka sa lambar malamin a nan in ya yarda.